Farfelar Jirgi Mai Murɗa Kanta, Gaskiya Ne Ko Zuƙi Ta Malle?

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Samaru. A wani guruf namu na WhatsApp aka sa bidiyo wai yanzu akwai farfelar jirgi mai saukar ungulu da ke lanƙwasa kanta a sama don rage ƙara da jijjiga, mun yi ta musu wasu na cewa ƙarya ce. Don Allah ya abin yake?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina. Ba ƙarya ba ce, amma ba yadda masu bidiyo ke zuzuta ta ba.

In helikwafta na tafiya gaba, fiffiken farfelar da ya juyo ta gaba yana karo da iska mai ƙarfi, wanda ke komawa baya kuma iskarsa ba ta kai wannan ba, to duk zagaye ɗaya nauyin da ke kan kowane fiffike sai ya hau ya sauka, nan jijjiga ke fitowa. Sannan kowane fiffike na barin wata 'yar guguwa a bakinsa, na bayansa ya zo ya tsaga ta, shi ne wannan fat-fat-fat ɗin da kake ji musamman in jirgi zai sauka. In ka taɓa tsayawa wajen makarantar koyon tuƙin jirgi ta Palladan ka san ƙarar jiragen sama na yau da kullum daban, ta helikwafta daban.

Da can da katako da ƙarfe ake yin fuka-fukan. Jirgin helikwafta Bo 105 na Jamus da ya fara tashi a 1967 na cikin na farko da suka zo da fiffiken zaren gilas. Yanzu zaren gilas da na kabon ake shimfiɗawa hawa-hawa a haɗe da gam, kuma duk inda zaren ya kalla nan ƙarfin yake, kamar dai tabarma, ta wani ɓarin ta naɗu cikin sauƙi ta wani ɓarin ta ƙi.

Abin da ke murɗa fiffiken kuwa ka san shi, laitan kunna gas ɗin nan da ake dannawa ya ba da tartsatsi ba batir. Akwai wani ɗan dutse a ciki, in an matse shi ya ba da wuta, in an ba shi wuta ya miƙe. Wasu 'yan uwa biyu masana kimiyya, Pierre da Jacques Curie, suka gano ba da wutar a 1880, miƙewar kuma suka tabbatar da ita a 1881. To shi ake sakawa, ko dai ya riƙa kaɗa wani ƙaramin marfi a gefen bayan fiffiken, ko a shimfiɗa zarensa a jikin fiffiken ya murɗa shi gaba ɗaya. Kamfanin Eurocopter sun tashi helikwaftarsu BK117 mai irin marfin nan a 2005, kamfanin Boeing kuma sun gwada tasu farfelar a ramin iska (wurin gwaji da ake hura wa abu iska kamar yana tafiya a sama) na hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, a 2008.

Inda gizo ke saƙar shi ne dutsen nan rago ne wallahi, miƙewarsa kusan milimita 1 ce a tsawon mita 1, kuma sai an ɗura masa wuta sosai. In ka yi fiffike mai tauri ba zai iya murɗa shi ba, ka yi asarar kuɗi. In ka sassauta shi da yawa iska ta kama shi ya hau karkarwa har ya tsage. Ga nauyi dole ya zauna wajen kwata na faɗin fiffiken daga gaba, ga shi kowane fiffike da irin kaɗawar da yake yi da kansa, kuma ba a so ta zo daidai da saurin juyawar farfela ko ninkinsa, in suka haɗu jijjigar da kake gudu sai ta ninka. Ka gyara wannan wancan ya ɓaci. Shi ya sa ake bai wa kwamfuta aikin, ta yi ta sauya kusurwar zare da kaurin kowane hawa da wurin zaman dutsen sau dubbai har a samu wanda ya fi murɗuwa bai karya ko sharaɗi ɗaya ba.

A ganina wannan wahalar, da tsada, da ɗawainiyar kai wuta cikin abin da ke juyawa, su suka sa har yau abin ya fi yawa a wajen gwaji. Ni ma abin da na fi so in ga an auna shi ne yadda zai jure ƙurar hunturu irin tamu, don yashi na cin bakin fiffike, shi ya sa ma ake lulluɓe bakin da ƙarfe mai tauri. Ka gaya wa 'yan guruf ɗinku masu cewa ƙarya ce su sayo maka shayi.