Batirin Kubar Zamani Yana Saurin Ƙarewa, Ina Matsalar Take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sa kubar zamani a ƙofar falona, irin wadda ake buɗewa da lambobin sirri ko da yatsa ko ta waya. Da farko batirinta yakan kai wata shida, amma tun shigowar damina ba ya wuce wata biyu. Shin kubar ce ta lalace, ko kuwa batiran ne ba su da kyau? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun da kika ambaci damina, zargina ya fi karkata ga ƙofar kanta, domin abin da ya fi shan wuta a irin wannan kuba shi ne ɗan injin da ke tura sakata yana janyo ta. Ƙofar katako tana kumbura idan iska ta yi laima, sai sakatar ta daina saituwa da raminta, injin ya riƙa turawa da ƙarfi, wani lokaci ma ya sake gwadawa kafin ya kulle, kuma duk wannan wahala daga jikin batir take fita.

Gwajin ba shi da wuya. Ki buɗe ƙofar, ki murɗa sakatar da hannu daga ciki, sannan ki rufe ki sake murɗawa. Idan a buɗe tana tafiya sumul, amma a rufe sai kin danna ƙofar da kafaɗa ko kin ɗan ɗaga ta kafin sakatar ta shige, to an gano bakin zaren. Ki duba ƙarfen da ke bakin ramin, sau da yawa za ki ga wani gefe ya goge yana ƙyalli, nan ne sakatar ke karta. Kafinta zai ɗaure kusoshin da ke riƙe da ƙofar idan sun yi sako-sako, ya gyara zaman ƙarfen ko ya ɗan faɗaɗa ramin da magagari. Kada a zuba man inji ko man girki a cikin kubar da nufin ta yi santsi, domin mai yana kama ƙura, idan hunturu ya zo sai ya daskare ya zama dauɗa. Busasshen garin shafawa, irin baƙin da ke cikin fensir, shi ya fi dacewa.

Batun batir kuwa, yawancin waɗannan kubobi suna amfani da batir huɗu ne samfurin AA, kuma masu ƙera su sun fi ba da shawarar a sa na alkalin, mai ƙarfin bolt 1.5. Masu arha da aka rubuta wa Heavy Duty galibi ba alkalin ba ne, agogon bango za su iya ɗauka, amma ba injin da ke tura ƙarfe ba. Waɗanda ake yi wa caji galibi bolt 1.2 suke bayarwa, saboda haka kubar takan yi kuskure wajen auna abin da ya rage musu. A canza duka huɗun a lokaci guda, kada a gauraya sabo da tsoho. Idan aka ga farin gari a mazaunin batir, alama ce ta cewa wani ya tsiyaye, sai a cire su a goge wurin ya bushe sarai kafin a sa sababbi.

Akwai kuma hanyoyin da kubar ke haɗuwa da waya, wato Wi-Fi da Bluetooth. Wi-Fi ya fi Bluetooth cin wuta nesa ba kusa ba, musamman idan na'urar intanet tana nesa da ƙofar, ko ana yawan ɗauke wuta, kubar ta yi ta neman haɗuwa ba ta samu ba. Idan ba kya buƙatar buɗe ƙofa alhali kina wajen gida, ki kashe Wi-Fi ɗin kubar a cikin manhajarta da ke wayarki. Wurin ɗora yatsa kuma a riƙa share shi da ƙyalle mai laushi, don kada a yi ta maimaita gwaji.

Abin da nake roƙonki da shi, kada ki yi sakaci da gargaɗin da kubar ke yi, ko da ƙara ko da jar fitila, idan batir ya yi ƙasa. Da yawa daga cikinsu suna da ramin USB ko wurin jingina batir mai bolt 9 daga waje, wanda zai ba ta wutar da za a buɗe sau ɗaya, saboda haka ki duba littafin kubarki ki san wanne take da shi. Makullin hannu da ya zo da ita kuma a ajiye shi a wajen gidan, wurin wani amintacce, domin ba zai amfane ki ba idan yana cikin ɗakin da ya kulle.