Amsa: Shin aure kaɗai ya raba Sarki Henry na Takwas da Fafaroma?

Malam, tambayarka ko neman sakin mata ne kawai ya fitar da Ingila daga hannun Fafaroma tana kan hanya, sai dai batun auren shi ne mafari kurum.

Tun 1527 Henry ke neman a warware aurensa da Catherine ta Aragon saboda ba ta ba shi magaji namiji ba. Fafaroma Clement na Bakwai bai iya yarda ba, don Catherine ƙanwar mahaifiyar Sarki Charles na Biyar ce, mai mulkin Spain da Jamus, wanda sojojinsa suka wawashe birnin Rum a shekarar.

Sai Thomas Cromwell, babban mashawarcin Henry, ya bi ta majalisa. A 1533 aka hana ɗaukaka ƙara zuwa Rum, Akbishop Cranmer ya raba auren a gida. A 1534 doka ta mai da sarki shugaban cocin Ingila. Thomas More, tsohon wazirin sarki, ya ƙi rantsuwar amincewa da hakan, aka sare kansa a 1535. Daga nan aka shiga dukiya: aka ƙididdige kadarorin coci, a 1536 aka fara rufe gidajen sufaye masu samun ƙasa da fam 200 a shekara, zuwa 1540 an gama da sauran. An sayar wa fadawa da masu hali filaye da yawa, shi ya sa komawa baya ta yi wuya, kowa na tsaron gonarsa.

Amma kada ka ɗauka Henry ya zama Furotesta. Dokar 1539 ta tabbatar da yawancin aƙidun Katolika, har da hana limamai aure. A fada kuma wanda sarki ke saurare shi ke da rinjaye: da auren sarki da Anne ta Cleves, wanda Cromwell ya haɗa, ya lalace, abokan gabar Cromwell suka samu kafa, aka kashe shi a Yulin 1540.