An ce in rage rahoton faɗuwar kanel, me zan cire?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya. Na gyara wata matsala a direban Wi-Fi na USB (manhajar da ke sarrafa na'urar) da ke kayar da kanel, wato zuciyar manhajar Linux, duk lokacin da na zare na'urar. Da na tura facin, wato gyaran da na yi, ta imel, sai na manna duk abin da dmesg (umarnin da ke nuna saƙonnin kanel) ya fitar a cikin bayanin facin, layi kusan 90, don kada a ce ƙirƙira na yi. Mai kula da sashen ya amsa da layi ɗaya tak: in rage rahoton in sake turowa. Ashe ba hujja suke so ba?

AMSA: Ƙanena, da farko dai ka gode wa Allah, an karanta facinka har an amsa. Hujja kam suna so. Abin da ba sa so shi ne ka kawo musu buhun masara da ƙaiƙayinsa ka ce su sheƙe da kansu.

Ka tuna inda bayanin nan zai zauna. Da zarar an karɓi faci, bayaninsa ya shiga tarihin Git, manhajar da ke adana duk sauyin da aka yi wa kanel, ke nan, ba a sake gyara shi. Bayan shekara biyar wani zai ci karo da irin faɗuwar nan, ya kwafi layin kuskuren ya nema a git log. Shi kake rubuta wa, ba mai kula da sashe kaɗai ba. Takardar ƙa'idojin tura faci, submitting-patches, da ke cikin kanel ɗin ma ta ware sashe guda a kan wannan.

To buɗe rahotonka mu duba tare. Lambobin lokacin da ke gefen hagu, irin su 412.538201, share su duka; ba wanda ya damu da daƙiƙa nawa kwamfutarka ta yi a kunne. Layin Modules linked in, mai jero duk abin da ka loda har da direban sauti, cire shi. Haka tulin rajistocin nan, wato ƙananan ma'ajiyoyin cikin firosesa, RAX, RBX da 'yan uwansu, da layin Code, sai fa idan ƙimar wata rajista ce ta nuna maka inda ɓarakar take, to wannan kaɗai ka ambata. A cikin Call Trace, jerin ayyukan da suka kira juna, za ka ga layuka masu alamar tambaya a farko. Waɗannan adireshi ne da kanel ya tsinta amma bai tabbatar suna kan hanyar ba, galibi ragowar aikin da ya riga ya wuce. Su ma waje.

Abin da za ka bari: layin BUG da ya faɗi irin kuskuren, layin RIP da ya nuna inda aka faɗi, sai ayyukan da suka kira juna har aka isa wurin. Layi shida zuwa goma sun wadatar. Sai dai in KASAN, mai gano kurakuran amfani da ƙwaƙwalwa a kanel, ne ya kama ana taɓa ƙwaƙwalwar da aka riga aka saki, kamar yadda nake zargi tunda zare na'ura ne ke jawo matsalar. A nan kada almakashinka ya yi kaifi da yawa: bar inda aka saki da inda aka taɓa, don tsakaninsu labarin yake.

Ga wani tarkon da ya taɓa kama ni. Na share lambobin lokaci, sai layin #PF ya koma farkon sahu. Git kuwa, idan a edita kake rubuta bayanin, duk layin da ya fara da alamar # sharhi yake ɗaukarsa, ya yar da shi shiru. Sai da faci ya tafi na lura babu shi. Tun daga ranar nake matsar da layukan rahoton ciki da tazara biyu.

Cikakken rahoton kuma bai ɓata ba. Sa shi ƙasan layin nan mai karan ɗori uku, ---, wanda duk abin da ke ƙarƙashinsa masu dubawa za su gani amma ba ya shiga tarihi. Ko ka sa Link: zuwa imel ɗinka na farko a lore.kernel.org, ma'ajiyar imel-imel na masu aikin kanel.

Kafin ka sake turawa, ka rubuta da bakinka abin da ya jawo faɗuwar a saman rahoton, ka sa Fixes: da haruffa 12 na farkon lambar kwamit ɗin, wato sauyin da ke tarihin Git, da ya kawo matsalar, ka bi da checkpatch.pl mai duba tsarin faci. A kan imel ɗin ka rubuta v2, wato zubi na biyu, a ƙasan --- kuma ka ce ka rage rahoton kamar yadda aka nema.