Tambayoyinku kan kwamfuta: kafin ka sayi katin girafik, leƙa akwatin wuta

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zanen gine-gine ne a Zariya. Laftof ɗina RAM ɗinsa gig 8 ne, katinsa na girafik, mai sarrafa hoto, GTX 1650. In na sa renda (wato kwamfuta ta fitar da cikakken hoton zanen) a manhajar Blender, hoto ɗaya sai ya cinye kusan awa biyu. In na ƙara RAM zuwa gig 16 zai yi sauri?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Ina kyautata zaton katin naka barci yake sha, furosesa ce ke ta noma ita kaɗai. Blender ba ya ɗora wa kati aiki sai an umarce shi. Shiga Preferences, sashen System, ka zaɓi CUDA, sannan a saitin renda ka mayar da Device zuwa GPU Compute. Na biyu, tun daga Blender 3.0 na shekarar 2021, Cycles, injin renda na Blender, na zuwa ne da samfur (Samples, wato sau nawa zai lissafa kowane ɗigon hoto) 4096. Hoton falo da kujeru uku ba ya bukatar wannan wahala. Sauke shi zuwa 256, ka kunna Denoise, mai goge dishi-dishin hoto. RAM kuwa faɗin tebur ne, ba ya ƙara wa mai aiki sauri sai in kaya sun rasa wurin zama. Buɗe Task Manager lokacin da renda ke tafiya, kamar yadda nake ta roƙonku kullum. In ka ga RAM ya cika maƙil, to ƙara.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Kano nake. Ina da destof irin ta ofis, na sayi RTX 3060 na hannu. Akwatin wutarta (power supply, mai raba wa kayan ciki lantarki) ba shi da wayar kati, sai mai gyara ya haɗa min da wata 'yar waya daga layin SATA. Tana tashi lafiya, amma da renda ta kankama sai ta ɗauke ɗif. An cuce ni a katin ne?

Amsa: Alhaji, kai ka cuci katin. Ka sayo doki ka ɗaure shi a turken akuya, kana ba shi abincin kaza. Don Allah cire wannan 'yar wayar yau, kada ka kai gobe.

Wannan abu na ci min tuwo a ƙwarya. Mutum zai yi wata shida yana tara kuɗin kati, ya haddace sunansa da lambarsa, amma ka tambaye shi wat nawa akwatin wutarsa ke bayarwa sai ya tsaya yana kallonka. To ga lissafin. RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kuma NVIDIA da kanta ta ce a haɗa shi da akwatin wuta na wat 550. Ramin da ake soka kati a jikin madabod, babban allon da kayan kwamfuta ke haɗe a kai, iyakarsa wat 75, sauran dole ya biyo ta wayar nan mai ido takwas, wadda aka yi ta don ɗaukar har wat 150. Layin SATA kuwa don faifan ajiya aka yi shi, ƙarfinsa bai wuce wat hamsin da 'yan kai ba. Lokacin da kake duba saƙo kati ba ya jan komai, shi ya sa kake ganin lafiya lau. Renda ce ke sa shi buɗe baki gaba ɗaya na tsawon sa'o'i. Ɗaukewar da take yi ma gata ne, akwatin ne ke kare kansa. An taɓa kawo min wata da aka yi wa irin wannan haɗi: bakin wayar ya narke ya manne, ya yi baƙi ƙirin, ƙaurin roba ya cika ɗaki tun kafin a kwance murfi. Mai ita hawaye ya rage ya yi, don zanen gidan mutane na ciki.

Yawancin ƙananan destof na ofis akwatin wutarsu tsakanin wat 180 ne zuwa 300, kuma da yawa bakin wayarsu na kamfanin ne kaɗai, ba ka iya sauya shi da na kasuwa kai tsaye. Don haka hanya biyu gare ka. Ko ka haɗa sabuwar kwamfuta a babban gidan kwamfuta (casing) da akwatin wat 550 ko 650 mai tambarin 80 Plus, shaidar rashin ɓarnar wuta, ko ka sayar da katin ka nemi RTX 3050 mai gig 6, wanda wat 70 yake ci, ramin madabod ya ishe shi. Ni ta farko nake so maka. In ka je saye, ɗaga akwatin a hannu. Wanda aka rubuta wa wat 800 amma nauyinsa kamar gwangwanin madara, ajiye musu kayansu. Kuma ka sa UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Da irin wutar da muke samu, renda ta awa biyar ba tare da shi ba kasada ce.

Tambaya: Yallaɓai, daga Maraɗi. Renda na farawa da gudu, bayan minti goma sai ta koma tafiyar hawainiya.

Amsa: Zafi ne, 'yar'uwa. Na'ura in ta ji wuta rage gudu take da kanta. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, a buɗe a hure, a sauya man sanyaya da ke kan furosesa. Kuma a sauke ta daga kan katifa.

Tambaya: SSD, faifan ajiya mai sauri, zai rage min lokacin renda?

Amsa: A'a. Zai buɗe fayil da sauri, shi ke nan. Amma saya, wanda ke kan tsohon faifai har yanzu yana azabtar da kansa ne.

Tambaya: Malam, RTX 4060 mai gig 8 ko 3060 mai gig 12? Zanen rukunin gidaje nake yi, da bishiyoyi da motoci.

Amsa: 4060 ya fi gudu, kuma wat 115 kawai yake ci. Amma aiki irin naka ma'ajiyar kati, wato gig ɗin nan, yake cinyewa, in ta cika renda tsayawa take ko ta koma rarrafe. Ɗauki mai gig 12. In na hannu ne, ka tuna an sako kati da yawa kasuwa bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum a Satumban 2022, wasu sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Sa mai shago ya yi renda ta rabin awa a gabanka kafin ka zaro ko sisi.

Tambaya: Zan iya sauya katin laftof ɗina?

Amsa: A kusan dukkan laftof na yanzu like yake da madabod. Fara tarin kuɗin destof.