Kwaɗon tafasa da uwar miji

Kishiya, saƙonki ya iso. Sai da na sa ƙaninki ya maimaita mini sau biyu, don da farko dariya ta hana ni ji. Wai ko abin kunya ne amarya ta ajiye wa uwar mijinta kwaɗon tafasa, tunda ƙawayenki sun ce cimar talauci ce. Sannan wai kin ga ta fito jingim a bayan katangarku can Rigasa, kina so ki tsinko. To, maganar farko ita ta ba ni dariya, ta biyun kuwa da ita na kwana a raina.

Ni ma na taɓa jin wannan kunyar. Da daminar 1974 ne, ina amarya a Tudun Wadan Kaduna, ɗaki ɗaya muke haya. Kakanku, Allah ya jiƙansa, yana aiki a masaƙa a Kakuri. An yi fari shekarar da ta gabata, hatsi ya yi tsada, ga shi ba a daɗe da sauya kuɗi zuwa naira ba, har lokacin da sule nake lissafi. Idan wata ya yi nisa, mu matan gidan sai mu ɗauki ƙwarya mu gangara wajen bakin kogi bayan sallar asuba, raɓa na jiƙa mana zane. Akwai tafasa, akwai lalo, akwai zaki-banza, wani lokaci mu dace da gasaya. Babu mai saye, babu mai hanawa.

Ran nan na dawo ke nan, na dafa, na matse, ina daka ƙuli-ƙuli, sai ga yaro a guje wai Inna, mahaifiyar kakanku, ta sauka daga ƙauye. Wallahi ban san sanda na tura kwanon ƙarƙashin gado ba. Na aika aka karɓo mini shinkafa bashi, na dafa da man ja, na kai mata na durƙusa. Ta yi loma biyu ta ajiye cokali. Ta ɗaga kai tana shinshina iska, ta ce, "'Yar nan, wa kika ɓoye wa abin da ke ƙarƙashin gadon?" Kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jawo kwanon jikina na ɓari. Ta sa hannu ta ɗanɗana, ta yi shiru, sannan ta ce gishirin ya yi, amma ganyen tsofaffi ne, na bi reshe na zage shi duka maimakon in tsinki na kai masu taushi. Kuma ban zubar da ruwan farko ba, shi ya sa warin bai fita ba. Duk da haka ta cinye tas. Shinkafar kuwa almajirai suka samu, bashin kuma sai da wata ya ƙare na biya, a ɓoye.

Washegari ita ta ja ni bakin kogin. A nan ta nuna mini rai-ɗore kusa da tafasa, furensu duk rawaya, kamar 'yan uwa ɗaya. Ta ce in duba ganyen: na tafasa bakinsa a zagaye yake, guda shida a kowane hannu, biyu-biyu, kuma da yamma suna rufewa kamar masu barci, na rai-ɗore kuwa mai tsini ne, kuma ba na kwaɗo ba ne. Takan ce ganyen da ba ki san sunansa da na maƙwabcinsa ba, kada ya ga cikin tukunyarki. Yaɗiya ma ita ta koya mini, wadda ke naɗe bishiya tana kore shar ko da rani, mai ɗaci, sai an tafasa ta da ɗan jar kanwa an tsiyaye.

Ku yanzu kun ɗauka waya za ta gaya muku komai. Wayar ta san ko mai filin ya yi feshin maganin ciyawa jiya? Ta san kwatar wane gida ke malala wurin? A zamaninmu da fartanya ake noma, abin da ya fito a gefen gona halal ne ga ciki. Yau ko'ina an fesa, bakin kogin da muke zuwa ya zama gidaje, dajin da ya rage kuma ba mai tura 'yarsa saboda 'yan bindiga. Ni da kaina a kasuwa nake saye yanzu, ƙulli-ƙulli, abin da da nake takawa in wuce. Laifina ne ma da ban taɓa kai uwarki ba, ina ganin ta shiga boko ta wuce nan.

Ranar Juma'a ki tsinko mini reshe biyu da furensu, kada ki dafa komai. Ki tambayi maƙwabta ko ana feshi a wurin. Ki taho da ƙuli-ƙuli mai kyau, ba mai maƙaƙi ba, dakan kuma ke za ki yi, ni hannuna ya daina.