Tambaya da Amsa: Zan iya kiwon kifin pirana mai jan ciki a nan Kaduna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Ni mazaunin Unguwar Dosa ne, ina ɗan taɓa kiwon tarwaɗa a bayan gida, to yanzu wani mai saida kifin ado yace zai kawo min pirana mai jan ciki guda 3 daga Legas, ƙanana ne kamar tsawon yatsa. Ina da tankin gilashi mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45. Zai ishe su? Me zan dinga ba su? Kuma dan Allah ba za su cire wa yara yatsa ba? Don uwargida ta riga ta ce ba a falonta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da batun yatsa tunda shi ya tada hankalin gida. Pirana mai jan ciki, wanda masana ke kira Pygocentrus nattereri, kifin Kudancin Amurka ne, kogin Amazon da su Paraguwai da Parana, kuma wallahi matsoraci ne na gaske, in ka shigo ɗaki da sauri ko ka kunna fitila bagatatan zaka ga sun watse suna karo da gilashi. Sunan da ya yi na mugunta yawanci ya samo asali ne daga tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt, da ya je Brazil a 1913 ya dawo ya rubuta cewa babu kifi mai zafin rai irinsa, daga baya 'yan fim suka ɗora nasu. Wani bincike da aka yi a Brazil aka buga a 2005 ma ya nuna tafiyar da suke yi a garke ta tsoro ce, suna kare kansu daga kada da tsuntsaye da manyan kifaye, ba wai taron farauta ba ne. Amma fa haƙoran na gaske ne, kaifi gare su kamar reza, don haka murfi mai nauyi dole ne, wanda yaro ba zai iya ɗagawa ba, kuma in son samu ne da ɗan kwaɗo. Uwargida tana da gaskiyarta ta wani ɓangaren, falo mai hayaniya da yara na guje-guje bai ma dace da kifin ba.

Abin da ni ya fi damuna a tambayarka shi ne tarwaɗar nan da ka saba da ita, don ita ke lalata hannun masu kiwo. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, shi yasa zaka bar ta a ruwa mai wari NEPA ta ɗauke wuta kwana biyu ka dawo ka same ta tana motsi abinta. Pirana ba shi da wannan, duk numfashinsa daga iskar da ta narke a cikin ruwa ne, ga shi mai cin nama mai yawan kashi. A garin nan ba cizo ke raba mutum da pirana ba, ɗauke wuta ne da lalacewar ruwa.

Tankinka in ka buga 90 sau 45 sau 45 ka raba da 1000 zai ba ka lita 182, kuma ba cika shi zaka yi har baki ba. Zai riƙe su na 'yan watanni kawai. Waɗannan 'yan kamar yatsan cikin shekara guda suna iya kai santimita 15, in sun gama girma 25 zuwa 30 ko fiye, kuma suna haura shekara 10 a raye in sun samu kulawa. Sannan guda 3 ɗin nan lissafi ne mara kyau, biyu ne za su haɗe wa ɗaya kai, ka wayi gari ka ga babu ido ko babu wutsiya, wata rana ma kai kawai zaka tarar. Ko dai ka ajiye ɗaya tal, ko kuma 5 zuwa 6 masu girma ɗaya don faɗan ya rarrabu. Irin wannan garken yana son tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 50, wato lita 540. Kar ka manta lita ɗaya kilo ɗaya ce, in ka haɗa da gilashi da yashi ka haura kilo 600, ba teburin falo za a ɗora wannan ba, sai ka sa mai walda ya yi maka ƙafa ta ƙarfe, a shimfiɗa farin soso irin na kwalin firji a ƙarƙashi, gilashin kuma ya kai milimita 12 da ƙarfafa a sama.

Kafin ka biya kuɗi ma ka duba bakin kifin da kyau. Akwai ɗan'uwansa da ake kira paku, yana ƙarami shi ma jan ciki gare shi, ana yawan saida shi a matsayin pirana, wani da gangan wani kuma shi kansa mai sayarwar bai sani ba. Pirana haɓarsa ta ƙasa ta turo gaba sosai, haƙora masu tsini. Paku haƙoransa faffaɗa ne, kuma yana girma ya wuce santimita 70, babu tankin gida da zai ɗauke shi.

Yanzu ruwa, nan zan ɗan daɗe. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce mai ƙona musu wurin numfashi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zama a cikin soson filta, wato na'urar tace ruwan tanki, su ke juya amoniya ta koma nitirayit, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su juya ta ta koma nitiret mai sauƙi, ita ce kake ragewa da canjin ruwa. Waɗannan bakteriyan ba a rana ɗaya suke taruwa ba, sati 4 zuwa 6 suke ɗauka, don haka tanki zai fara aiki da filta a kunne kana ɗan jefa abinci kaɗan yana ruɓewa tun kafin kifin ya baro Legas, ka sayi ruwan gwaji kana aunawa, sai amoniya da nitirayit sun nuna sifiri sannan ka ce a kawo. Mutane da yawa ranar da suka cika tanki ranar suke zuba kifi, bayan sati su ce an saida musu mara lafiya. Filta ka nemi wadda take juya ruwan tankin aƙalla sau 5 a awa, kuma in zaka wanke soson ka matse shi a cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin, ba a bakin famfo ba, don kulorin zai kashe bakteriyan ka koma farko.

Duk sati ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo kana zuƙe dattin ƙasa. Ruwan famfo a sa masa maganin cire kulorin, ko ya kwana a buɗaɗɗen duro da iska tana bugawa. Na burtsatse babu kulorin amma sau da yawa iska ta yi masa ƙaranci, shi ma ya kwana, kuma ka auna pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6 da 7.5 suke so. Na 'yan garuwa kam ni bana ba da shawara, baka san me jarkar ta ɗauka jiya ba. Sai fiya-fiya da sauran maganin sauro na feshi, kifi baya jure su ko kaɗan, ɗakin da tanki yake ba a fesa, in ya zama dole a rufe shi ruf a kashe famfon iska, wato na'urar da ke hura iska cikin ruwan, har warin ya fita.

Zafin ruwa digiri 24 zuwa 28. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, sanyin asuba a Kaduna yana sauka ƙasa da haka sosai, sai da hita, kuma ka sa mata kariya don in sun firgita suna fasa ta. Matsalar hita tana shanye batirin inbata nan da nan, to dabara ita ce ka manna farin soso a baya da gefen tanki, da dare ka lulluɓa bargo, babban tanki baya saurin hucewa. Watan Maris da Afrilu kuma abin juyawa yake, ruwa mai zafi baya riƙe iska da yawa, lokacin ne kuma wuta ta fi wasa, don haka famfon iska mai caji ko wanda ke kan sola ba abin ado ba ne, shi ne ran kifin, ka saye shi kafin ka sayi kifin. Fanka tana kaɗa saman ruwa tana rage zafi, amma kar a zuba ƙanƙara. In wuta ta daɗe bata dawo ba kar ka ba su abinci, kuma filta irin mai rufaffen bokiti ka zubar da ruwan cikinta kafin ka sake kunnawa, don ya riga ya lalace.

Haske kaɗan suke so. Yashi wankakke a ƙasa, itacen da ya jiƙu ya daina fitar da launi a ruwa don su samu maɓoya, sai kainuwa a sama ta yi musu inuwa, amma ka wanke ta ka ajiye ta a wani bokiti na 'yan kwanaki tukuna.

Abinci ba wani abin wahala ba ne. Tsokar karfasa, jatan lande, tana, gyare, wani lokaci fara in ka tabbatar ba daga gonar da aka yi feshi ta fito ba, kuma suna cin abincin kifi na buhu in ka saba musu tun suna ƙanana, a dawa ma har 'ya'yan itace da iri suke ci. Ƙanana sau 2 a rana don yunwa ke sa su cin juna, manya sau ɗaya duk kwana 2 ko 3 ya isa. Naman shanu da kayan cikin kaza kitsensu baya narke musu da kyau kuma suna ɓata ruwa, a bar su. Jefa musu kifi mai rai don a ɗauki bidiyo a sa a TikTok kuwa ni bana goyon baya, zalunci ne ga dabba kuma hanyar shigo da cuta ce. Abin da basu cinye ba cikin minti 5 ka kwashe. Kar ka haɗa su da wani kifin, ko sun zauna lafiya wata shida wata rana za a neme shi a rasa.

In zaka sa hannu a tanki ka tabbatar babu ciwo, kana kallon inda suke, kar ka matse su a lungu. Yawancin cizo yana faruwa ne lokacin da aka fito da kifin daga ruwa yana fizge-fizge, kuma suna yaga raga, don haka da robar fenti ko bokiti ake kama su.

Ka kuma tambayi mai kawo maka ta ina kifin ya shigo, don shigo da kifi mai rai daga waje sai da izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da dabbobi da tsirrai, kuma akwai wurare kamar Filifin da jihohi da dama a Amurka da suka haramta ajiye shi gaba ɗaya, saboda in ya shiga ruwa mai ɗumi zai iya hayayyafa, macen tana zuba ƙwai dubbai. Ruwanmu kuwa mai ɗumi ne. Duk ranar da ka gaji da su kar ka kusanci kogin Kaduna ko dam ɗin Kangimi ko kududdufin unguwa da su, ka mayar wa mai sayarwa ko ka ba wani mai babban tanki, in duk babu to a Brazil miya ake yi da shi, ƙaya ce dai ta yi masa yawa.