Hukuncin Sauya Lambar Rauni Domin Ƙara Kuɗin Inshorar Lafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ofishin lissafi na wani asibitin kuɗi a Agege, Legas, inda nake mayar da rubutun likita lambobi in tura wa kamfanin inshora, wato HMO, ya biya. An kawo mana wani direba da ya yi hatsari, ƙarfe ya yanke shi a wuya har ya huda maƙogwaro, aka ɗinke, aka buɗe masa ƙofar numfashi aka sa bututu. Manajanmu ya ce in rubuta cewa raunin a ƙirji yake, in ƙara da aikin ƙirji, domin kamfanin ya daɗe yana riƙe mana kuɗi, kuma wai wani malami ya gaya masa wanda aka ci wa haƙƙi yana iya ƙwatar abinsa ta kowace hanya. Akwai kuma leƙa maƙogwaro da na'ura da likita ya yi, amma bai rubuta ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya kafin ki sa hannu.

Abu biyu kika kawo, kuma abin da ya raba hukuncinsu shi ne ko an yi aikin ko ba a yi ba. Leƙen da likita ya yi da na'ura aiki ne da ya auku, kuɗinsa halal ne ga asibiti. Sai dai ba ke za ki cike gurbin da hannunki ba. Ki mayar masa da fayil ɗin ya rubuta, ya sa kwanan wata da hannunsa, sannan ki ɗora lamba a kai.

Amma mayar da raunin wuya ya koma na ƙirji haramun ne. A kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, buɗaɗɗen rauni a maƙogwaro ta wajen wuya yana ƙarƙashin S11.0, raunin sashen da ya gangara cikin ƙirji kuwa S27.5 ne. Kin karanta fayil, kin san wuya ne, saboda haka duk lokacin da kika buga ta biyun kin bayar da shaidar abin da kika san bai faru ba. Haramcin algus da shaidar zur ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda za mu tsaya shi ne hujjar manajanku, domin tana da asali a fiƙihu, shi ya sa take ruɗar mutane. Malamai suna kiranta mas'alatuz zafar, wato mutum ya ɗauki haƙƙinsa da kansa daga dukiyar wanda ya hana shi, kuma dalilinta hadisin Hindu bintu Utba ne, wadda ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan, Annabi (SAW) ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Shafi'iyya sun faɗaɗa a cikinta, Hanbaliyya sun rinjayar da hani saboda hadisin da ya ce a mayar da amana ga mai ita kuma kada a ha'inci wanda ya yi ha'inci, Malikiyya kuwa sun shardanta a aminta daga fitina da zubar mutunci. Ko da mun ɗauki mafi sauƙin waɗannan maganganu, ba ta hau kan abin da ake nema ki yi ba. Hindu ba ta ƙirƙiri wani ɗa da ba ta haifa ba don a ƙara mata abinci. Haƙƙinta bayyananne ne, ta kai shi gaban mai hukunci, ta ɗauki iya gwargwadonsa. Ku kuwa bashin da kuke bi ba a tantance shi ba, mai yiwuwa kamfanin yana jayayya a kan wani sashe nasa, kuma ko bayan kun karɓi wannan ƙarin, tsohon bashin yana nan a littafinku za ku ci gaba da nemansa, kun ci sau biyu ke nan. Ga ƙofar ƙorafi a buɗe, domin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar NHIS, ita ke sa ido a kan waɗannan kamfanoni. Sharaɗin Malikiyya ma ya faɗi, tunda ranar da masu bincike suka ɗora takardarki kusa da rahoton tiyata, sunanki za su gani, manaja kuwa da baki ya yi magana.

Idan aka ce ai inshorar kasuwanci haramun ce, kamar yadda Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke a Jidda a 1985, to wannan bai halatta ƙarya ga wanda kuka ƙulla yarjejeniya da shi ba.

Akwai wanda ba ki tambaya a kansa ba, shi ne direban nan. Yawancin tsare-tsaren inshora suna da iyakar abin da za a kashe wa mutum a shekara, kuma mai irin wannan rauni yakan koma asibiti, domin tabon ɗinkin na iya ƙuntata hanyar iska bayan makonni ko watanni, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Idan kun cinye rabonsa da aikin da ba a yi ba, da me za a duba shi? Idan kuma aka tura shi babban asibitin koyarwa, kamar LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja, mai ba da maganin barci yana buƙatar sanin ainihin wurin raunin kafin ya zura bututu. Haka nan in maganar diyya ta taso tsakaninsa da wanda ya jawo hatsarin, wannan takarda ce za a kafa hujja da ita.

Shawarata ki gaya wa manaja cikin ladabi, a rubuce, cewa za ki tura abin da likita ya rubuta, kuma ki yi tayin tattara tsofaffin basussukan da takardunsu don a kai ƙorafi. Ki ajiye kwafin saƙonki, amma kada ki fitar da fayil ɗin majinyaci ko ki ɗauki hotonsa a wayarki, domin sirrinsa amana ce a wuyanki. Albashinki halal ne muddin asalin aikin halal ne, kuma ban ce ki ajiye aiki yau ba, na san tsadar haya a Legas. In ya matsa sai kin yi, ki ƙi wannan takardar ita kaɗai, ki soma neman wani wuri a hankali. In kuma an taɓa sa ki yin irin haka a baya, ki tuba, ki nemi a aika wa kamfanin gyara a kan abin da kike iya tunawa. Allah ne Mafi sani.